Tafinta Biyu Tsakanin Inna da Likita

Sunana Bilki, amma a Wurma in ka ce Bilki sai a tambaye ka wacce. In ka ce Rediyo, har awaki za su nuna maka gidanmu. Ni ce autar Inna, shekarata sha biyar, kuma kowa ya san in na ga kunama ɗaya a bayan randa, kafin labarin ya kai zaure ta zama rundunar soja har da kwamanda. Na faɗi wannan tun farko don ku san wadda ke ba ku labari.

Inna ta rasu bana, lokacin roron wake, a shekarar nan da aka ba mu jiharmu ta Katsina. Yayata Rakiya ce ta ce in rubuta yadda jinyar ta kasance, za ta tafi da shi jami'a ta karanta wa 'yan ɗakinsu. Ta ce ita ba za ta iya rubutawa ba.

Yaya Rakiya ce 'yar fari, kuma kun san yadda abin yake a wajenmu. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kallon idonta, ba ta yi mata magana kai tsaye. Tun da aka yaye ta Gwaggo Dije, yayar Baba, ta ɗauke ta ta kai ta Dutsin-Ma. Mijin Gwaggo malamin makaranta ne, shi ya sa Yaya ta yi boko har ta kai jami'a. In ta zo hutu sai ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi gaisuwa, Inna ta amsa tana kallon tukunya kamar tukunyar ce ta dawo daga tafiya. Sai can Inna ta ce, "Bilki, tambayi baƙuwarku ko tuwon ya ishe ta." Alhali baƙuwar na zaune kusa da ita, in ta yi atishawa sai ta jiƙa mata zane. Ni kuwa aikin ya yi mini daɗi, don kowane saƙo da ladansa na ƙuli-ƙuli.

Inna ta daɗe da daina fashin salla, tun ina ƙaramin aji a firamare. A daminar bara sai na ga ta koma yi. Ni ke wanki a gidan, don haka ni na fara cin karo da tsummokaran da take ɓoyewa a bayan rumbu. Ranar da Gwaggo Dije ta zo ganin gida na ja ta gefe na ce, "Gwaggo, jini a ɗakin Inna kamar an yanka sa."

Ta ce, "Rediyo, a rage murya. Sa, ko dai ɗan tsako?"

Na rantse mata. Ta shiga ta tambayi Inna, Inna ta ce ɗan abu ne ba mai yawa ba. Gwaggo ta fito ta murɗe mini kunne, ta yanke hukunci cewa al'ada ce ta dawo yin sallama, wasu matan haka take yi musu. Ta aiko da saiwoyi da sassaƙe a jiƙa. Baba ya karɓo rubutu. Inna ta sha rubutu har na ce mata in aka matse ta za a cika kwalbar tawada. Ta yi dariya, ta jefe ni da muciya. Jinin bai tsaya ba.

Da Yaya ta zo hutu na ba ta labari muna tsinke zogale. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon ta ce in sake faɗa, kuma kada in ƙara ko gishiri. Na sake faɗa. Sai ta ba ni labarin wata likita mace da ta taɓa zuwa ɗakin taron 'yan mata a makarantarsu. Likitar ta ce akwai awon da ake yi wa mace tun tana lafiya lau, a ɗan goga bakin mahaifa a duba a madubin likita, a gano ciwon daji tun bai zama ciwo ba. Sunan awon Pap simiya. Ta ce masu bincike na zargin wata ƙwayar cuta da ake kira papiloma, wadda miji da mata kan sa wa juna ba tare da kowa ya sani ba, ta zauna shiru shekara da shekaru. Ta kuma ce duk macen da ta ga jini bayan ta daina al'ada, ko bayan ta kwana da mijinta, kada ta jira komai, ta tafi asibiti.

Na ce, "To ku me kuka ce?"

Ta ce, "Mu kaɗan ne muka je, kuma yawancinmu don an ce za a raba lemo ne. Wasu kitso suke yi a baya. Wata ta ce ai wannan ciwon matan bariki ne, aka kwashe da dariya. Wata ta ce mu da ko aure ba mu yi ba ina ruwanmu. Ni ma haka na ɗauka. Wallahi Bilki ko sau ɗaya ban kawo Inna a raina ba. Kamar ita ba ta da mahaifa, alhali daga ciki na fito."

Da yamma ta je ta durƙusa a bakin ƙofar Inna. Na ga bakinta na motsi, na ga gumi a goshinta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Bilki, ki ce wa Inna yana da kyau mutum ya riƙa zuwa asibiti ana duba lafiyarsa."

Na faɗa. Inna tana tankaɗe ta ce, "Ce mata lahiyata lau. Ta ji da karatunta."

Na ƙara da nawa, na ce, "Inna, maganar jinin nan take yi." Inna ta ɗago ta watsa mini harara, ta tashi ta shige ɗaki.

Yaya ta kai maganar wajen Gwaggo, tunda da ita take iya sakewa. Gwaggo ta saurara har aka zo kan ƙwayar cutar, sai ta dafe ƙirji. "Ke Rakiya! Ƙanena kike cewa ya kwaso ya kawo mata, ko ita kike cewa ta kwaso? Kuma wa zai ɗauki mace mai manyan 'ya'ya ya kai wa ƙato ya buɗe? Kul na sake ji." Yaya ta yi ta bayani cewa ba laifin kowa ba ne, Gwaggo ta toshe kunne. Baba kuwa ko a mafarki Yaya ba za ta iya yi masa wannan magana ba. Hutu ya ƙare, ta koma makaranta da idanu jajur.

Da rani ya shigo abin ya canja. Bayan jinin sai wani ruwa mai wari. Inna mai tsabta ce, ko ƙuda in ya shiga ɗakinta sai ya goge ƙafa. Sai ga ta tana turare safe da yamma, tana zama nesa da mutane, ta daina zuwa suna da biki. Ƙugunta da bayanta suka kama ciwo. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ta har da saura. Na gaya wa Baba, ya ce zai sa a ƙaro magani. Ya kai ta wani kemis, aka yi mata allurai aka ce sanyi ne. Muka yi murna na ɗan lokaci, don ciwon ya lafa. Sai ranar da ta ɗaga taɓarya ta faɗi a gindin turmi, jini ya bi ƙafarta har ƙasa. Ranar ba wanda ya ce mini in rage murya.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ce, muka samu akori-kura, aka kwantar da Inna a kan buhunan wake. A asibitin garin muka haɗu da Sista Rifkatu, Kirista ce 'yar Filato, gajera mai faɗa. Allah ya saka wa matar nan. Ta kore mu duka waje, ta duba Inna, ta fito ta tsaya gaban Baba ta ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfinmu a nan. Ka kai ta babban asibiti can birni. Ba bayan kasuwa ba, ba bayan ka yi shawara ba." Baba ya sayar da awakin Inna da waken da ya ajiye na iri. Aka ba wani direba saƙo ya kai wa Yaya, ta same mu a can.

Babban asibiti gari ne guda, kuma duk mutanen garin a layi suke. Layin yankan kati kawai, na ƙarshe a Maraɗi yake tsaye. In ka gama shi a ce ba nan ba ne, can ne. In ka je can a ce an tashi. Likitan mata kuma rana ɗaya yake zama a mako. Muka yi zaman jiransa a gindin wata bishiyar maina, muna cin garin kwaki da ƙuli, Inna na kwance a tabarma tana rufe fuska don kada a ji warin a san daga ita ne.

Ranar da layi ya zo kanmu muka shiga mu uku, ni da Inna da Yaya. Likitan Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Nas ɗin da ke yi masa tafinta an kira ta wani ɗaki. Ya tambaya wa ke jin Turanci, Yaya ta ɗaga hannu. Ya yi tambayar farko. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Wai tun yaushe."

Inna ta juya fuska bango.

Ya yi tambaya ta biyu, mai tsawo. Na ga Yaya ta buɗe baki, ta rufe. Likitan ya buga biro a tebur. Da ƙyar ta ce, "Wai ko... in Baba ya..." Ba ta ƙarasa ba. Inna ta ja mayafi ta rufe kanta gaba ɗaya, ta ce wa bangon, "Babu komi. Ku tashi mu tahi."

Likitan bai san me ke faruwa ba. Shi dai ya ga uwa da 'ya, ɗaya na jin Turanci, me kuma ya rage? Ya nuna gadon awo, Inna ta ƙi motsi. Mata na ta ƙwanƙwasa ƙofa a waje. Ya rubuta wani abu a katin ya ce mu dawo mako mai zuwa in ta shirya magana.

Mako guda muka yi a gidan Gwaggo a Dutsin-Ma, Inna na zubar da jini, ni ina zagaye tsakar gida kamar an ɗaure kare. Na yi wa Yaya rashin kunya, na ce duk Turancin nan naki bai iya tsallaka tabarma ɗaya ba. Ta yi kuka, ni ma na yi. Daga nan na ce to, tunda a gida ta bakina kuke magana, a can ma a yi haka.

Da muka koma, haka muka jera. Likita ya faɗa wa Yaya, Yaya ta raɗa mini a kunne, ni in faɗa wa Inna da ƙarfi, Inna ta amsa mini tana kallon bango, Yaya ta yi kamar daga bakina ta ji ta mayar wa likita. Ɗakin bai fi rumbunmu girma ba. Likitan ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Na ce, "Inna, wai tun yaushe kike ganin jinin?"

Ta ce, "Kwanan nan."

Na ce, "Inna, ni ke wanki. Tun daminar bara."

Na ɗauka za ta sake rufewa. Sai ta ce, "Ya riga nan. Tun shukar waccan shekarar. Ɗan ɗigo ne, sai in Malam ya kwana ɗakina. Ni ke wanke abuna."

Shekara guda kafin ni ma in sani. Yaya ta mayar wa likita da Turanci. Haka muka bi tambayoyin duka, har waɗanda ban san ana yi wa mutum ba. Bakin nan nawa da ake cewa ba shi da linzami, ranar ya yi amfani. Da aka zo awo Inna ta ce ni in riƙe mata hannu, waccan ta fita. Ya yanki ɗan nama ya ce za a kai a duba, mu dawo.

Sai da aka fara shuka sakamako ya fito. Likitan ya yi wa Yaya bayani mai tsawo, ni ban tsinci komai ba sai kalma biyu da ya maimaita yana girgiza kai: "Tu let." Wannan na sani. Ita ake faɗa mana a bakin get ɗin makaranta in mun makara, kafin a sa mu durƙusa. Ban jira tafinta ba.

A waje Yaya ta faɗa wa Baba. Ciwon daji ne na bakin mahaifa, ya bazu, aiki ba zai yiwu ba. Da an zo tun ɗigon farko, da an cire. Da an yi awon nan tun kafin ɗigon, da ko ciwon ba a kai gare shi ba. Abin da ya rage shi ne injin da ke gasa wurin, kuma sai can kudu, shi ma ragewa zai yi. Baba ya tsuguna a ƙasa ya cire hula. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar.

Ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa, ana tsakiyar aiki. Likitan ya taimaka ya sa aka tambayo mana can kudu. Muka jira. Amsa ta zo cewa injin ya lalace, ana jiran wani ƙarfe daga waje, kuma akwai mutane da yawa a gabanmu. Baba ya ce zai sayar da ɗaya san mu je mu zauna a bakin ƙofarsu. Inna ta ce, "Da mi za a yi huɗa? Ku maida ni ɗakina."

Jinyar gida ita ce ba a ba da labarinta, to ni zan bayar. Fitsari ya daina tsaya mata. Muka shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, muna canjawa har hannuna ya yi fari ya tsage don wanki. Igiyar shanyarmu ta fi ta masu wanki da guga cika. Ƙwayoyin rage ciwo da aka ba mu suka ƙare, waɗanda ake samu a kemis kuma kamar ka jefa tsakuwa a rijiya. In ciwon ya taso Inna kan cusa bakin zane a baki don kada maƙwabta su ji. Ƙafarta ɗaya ta kumbura. Abinci ya koma cokali biyu na kunu.

Masu dubiya sun zo, Allah ya ba su lada, amma wasu da sun zauna a gida. Wata ta shigo da mayafi a hanci ta ce wannan jifa ne. Wani ya ce akwai mai magani a bayan Karofi da ke tsotse ciwon daji da ƙaho. Baba ya hau keke ya je, ya dawo da ƙullin gari da aljihu wayam. Amma akwai wata Bafulatana da Inna ke sayen nono a wajenta, kullum sai ta biyo da kindirmo ta ajiye ta ƙi karɓar komai. Sista Rifkatu kuma kan sa ƙanenta ya ɗauko ta a babur ran Lahadi in ta taso coci, ta yi wa Inna allura, ta koya mana yadda ake juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Abin da ta taɓa yarda ta karɓa ƙwan zabi ne.

Yaya ta bar karatu ta dawo. Da farko Inna ba ta yarda ta taɓa ta, sai ta riƙe zane gam ta ce a kira ni. Amma ni kaɗai ba na iya ɗaga ta. Wata safiya na je ɗebo ruwa, na dawo da bokiti a ka, sai na ji magana a ɗaki. Muryar Inna ce tana cewa, "A hankali, nan ne ke ciwo." Yaya ta ce, "Nan, Inna?" Ta ce, "Ƙasa kaɗan. Yauwa. Hannunki da sanyi." Na tsaya a bakin ƙofa ruwa na zuba a wuyana. An kore ni daga aiki ba ko sallama, kuma ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.

Na ci gaba da nawa aikin. Ina zama kusa da kanta in ba ta labarin yadda zakaranmu ya kori kura, ko yadda Gwaggo ta yi ciniki a kasuwa har mai tumatir ya biya ta don ta tafi. In ta yi dariya ciwon kan soke ta, sai ta ce, "Rediyo, kashe." In an jima ta ce, "Kunna kaɗan." Daga baya ta daina cewa komai, sai dai ta matsa yatsana.

Ta cika da hantsi, mutane duk suna gona wajen wake. Kanta na kan cinyar Yaya. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi.

Ku 'yan jami'a da za a karanta wa wannan, ni ban kai ajinku ba, amma ga abin da na gani. Yayata ta san maganar da za ta ceci Inna tun da sauran lokaci, ta ji ta da kunnenta tana shan lemo. In an sake zuwa yi muku bayanin awon nan ku ajiye kitson. Ba ciwon matan bariki ba ne, Inna ko Kurfi nan kusa da mu ba ta zuwa sai da izini. In kun ji, ku kai gida, ku faɗa da sunansa. In bakinku ba zai iya ba, ku nemo marar kunyar gidanku ku sa ta, kowane gida akwai irina.

Gwaggo Dije ce ta yi wa Inna wanka. Ta shiga tana ba sauran mata umarni kamar yadda ta saba, ta fito ba ta ce wa kowa komai ba. Duk zaman makoki ba a ji muryarta ba, har mata na cewa ashe haka take son matar ƙanenta. Ranar da aka share makoki, mutane sun watse, ina kwashe tabarmi Yaya na wanke kwanoni, sai ta zo ta tsaya a kanmu.

Ta ce, "Rakiya, awon nan da kika ce. Ana yi wa tsohuwa?"

Yaya ta ce, "Ana yi, Gwaggo."

Ta ce, "In kuma an riga an fara gani fa?"

Kwanon da ke hannun Yaya ya faɗa cikin ruwa. Ta ce, "Tun yaushe?"

Gwaggo ta ce, "Tun azumi. Ɗan ɗigo ne."

Washegari muka shiga motar farko zuwa babban asibiti. An duba ta, an yanki ɗan naman, an ce mu koma in wata ya kama. Jiya ya kama. Gwaggo ta ɗaure kayanta tun ɗazu ta ajiye a bakin ƙofa, tana ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ku sa mu a addu'a.